Kwamfutar Malam Nasiru Da Aka Tono a Rumbu

Kwanan baya wani saurayi ya tsaya a bakin shagona, nan Safana, hannu a aljihu, yana kallona ina fama da wata laftof. Can ya ce, “Baba, ai wannan aiki naku ba wuya. A soka filashi, a wanke ta, a ɗora sabuwar Windows, shi ke nan.” Na ci gaba da aikina, ƙananan notuna a bakina. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Duk wanda ya kalli bidiyo a waya yanzu ya zama injiniya, kuma maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta. Kwamfuta ta yi nauyi, a wanke. Ta ƙi tashi, a wanke. Ku samarin nan, da za a kawo muku mai ciwon kai, ina jin shi ma wanke shi za ku yi. To ku gyara zama in ba ku labarin wata laftof da aka kusa wankewa, sannan ku gaya mini ko aikin ba wuya.

Ni da rediyo na fara, a Dutsin-ma, wurin wani dattijo mai faɗan tsiya da ake ce wa Malam Idi. Na daɗe a hannunsa kafin ya bar ni in taɓa dalma. Aikina shi ne in zauna in ji yadda yake yi wa mai kaya tambayoyi: yaushe ta fara, a ina take kwana, ta faɗi ne ko ruwa ya shige ta, wa ya taɓa ta ƙarshe. Sai ya tatse mutum tas sannan ya ɗauki sukudireba. In na yi garajen kwance rediyo kafin a yi tambaya, da gindin sukudirebar nan yake ƙwala mini a yatsa. Daga baya na tafi Katsina na koyi kwamfuta, na dawo gida na buɗe wannan shago kusa da sakatariya. Kayan aikina har yau ba su da yawa: sukudirebobi, mita, ƙarfen dalma, tsohon buroshin haƙori na share ƙura, da maganaɗisun wata matacciyar sifika da nake manna notuna a kai don kada su ɓace. Filashin da kuke taƙama da shi ni ma ina da shi, amma shi ne abu na ƙarshe da nake ɗauka.

Malam Nasiru ya fara zuwa wurina ne da kukan ƙwayar cuta. Malamin firamare ne a wani ƙauye can bayan Tsaskiya, dogo, mai sanyin magana, kuma shi kaɗai ke da kwamfuta a duk yankinsu. Don haka kowa da memorinsa yake zuwa masa, wannan a tura masa wa'azi, wancan a kwafe masa hotunan biki. Kowane memori kuma da irin tsiyar da yake ɗauke da ita. In na share masa kwamfutar yau, kafin wata ya zagayo ya sake ɗauro ta a bayan babur. Da na gaji sai na ce masa, “Malam, bari in raba maka gidan nan biyu.” Na raba faifan ajiyarta, wato inda take adana komai, na bar Windows a ɓangare ɗaya saboda takardun ofis, na ɗora masa wani tsarin da ake kira Linux a ɗayan, don irin ƙwayoyin cutar da ke yawo a memorin mutane ba sa kama ta.

Kwamfuta mai tsari biyu kamar gida ce mai ɗaki biyu da zaure ɗaya. Zauren shi ne allon zaɓi. In ka kunna ta, baƙin allo zai fito da 'yan layuka na farin rubutu, na sama ya kai ka Linux, na ƙasa ya kai ka Windows. Kuma Windows ba ta san da ɗayan ɗakin ba sam. In ka tambaye ta abin da ke can, ce maka za ta yi bango ne.

Akwai abu guda da Malam Nasiru ya roƙe ni a ranar. Ƙauyensu ba wuta, batirinsa kuma ya fara rauni, yana cikin rubuta tambayoyin jarrabawa sai ta ɗauke, aikin ya tafi. Sai na saita masa abin da muke kira dogon barci. In ya rufe marfin, kwamfutar za ta tattara duk abin da ke buɗe a lokacin, ta rubuta shi a wani lungu na faifan, ta mutu ɗungurungum. Ran da aka sake kunna ta, sai ta ɗauko shi ta ci gaba daga daidai inda ta tsaya, ko da an yi wata da watanni. Sharaɗin dai shi ne sau ɗaya take ɗaukowa. Da ta farka, ta share lungun. Ya ji daɗin abin ƙwarai, har ya aiko mini da zabi bayan girbi.

Sai shekarar da aka yanke sabis ta zo. Ba sai na ba ku labarinta ba, kuna nan aka yi. 'Yan bindiga sun matsa, aka kashe layukan waya a yankinmu kaf, hanyoyi suka yi tsit. Aikina ya mutu murus. Ma'aikata sun gudu Katsina da kwamfutocinsu, masu bidiyon biki ba biki. Abin da ya riƙe ni shi ne cajin waya da sola, da kuma wata dabara da mutane suka ƙirƙiro. Mutum ya naɗi muryarsa a memori, ya ƙunshe shi a takarda, ya ba direban a-kori-kura ya kai wa 'yan'uwansa a wani gari. Su ma su naɗo amsa su maido. Cikin wannan lokaci ne na ji an shiga ƙauyen su Malam Nasiru da la'asar, an kashe mutane, shi ma yana ciki. Waɗanda suka tsira suka watse, garin ya zama kufai. Na yi masa addu'a, na ci gaba da cajin wayoyina.

Damina biyu ta wuce, ana cikin ta uku. Wata rana da hantsi, hadari yana haɗowa daga gabas, wani mutum mai jiki ya yi sallama, rungume da abu cikin buhu. Bayansa wata mace ce sanye da dogon hijabi, riƙe da hannun 'yar ƙaramar yarinya. Muka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi ruwa da yabanya, aka tambayi hanya. Ya ce shi ne Alhaji Garba, yayan Malam Nasiru, yana sayar da hatsi a Batsari. Wannan kuma Rakiya ce, matar marigayin, da 'yarsu Walida. Na sake yi musu gaisuwa, na jawo musu benci.

“Malam Bala, kayan marigayi ne munka kawo ma,” in ji Alhaji Garba. “Bana da aka ɗan samu lahiya na koma ƙauyen in ga abin da ya rage. Na leƙa rumbun ƙasa na gidanmu, hatsin duk an kwashe, sai ƙaiƙayi. Ina tonawa na ji abu cikin buhu, ashe kwamfutarshi ce, nan ya ɓoye ta ran da aka shiga garin. Mun kai ma wani mai gyara a kasuwar Batsari, ya samo caja ya kunna ta. Ba komi ciki, sai 'yan takardun ofis. Ya ce a wanke ta, ni ma abin da na gani ke nan, a wanke a aje ma ɗiyar in ta girma. Amma Rakiya ta ƙiya.”

Ya ɗan rage murya. “Kuma ni abin bai kwanta mani ba. Kwanan watan da ta nuna, tun kahin ya saye ta ne. Kamar ba ta taɓa sanin shi ba. Matan gida cewa sunka yi a hitar da ita daga ɗaki, wai ya tahi da kayanshi.”

Na bar buhun a ɗaure, na juya wurin matar. “Malama Rakiya, mi kike nema a ciki?”

Ta fara magana, idonta a ƙasa. Lokacin da aka yanke sabis tana Batsari, gidan iyayenta, ta je goyon ciki. Da ta ga kwanaki suna tafiya ba ta ji daga gare shi ba, sai ta ari wayar ƙanenta ta naɗi saƙo a memori, ta ba direba. Gwaggonsa, wadda Allah Ya tsirar a ranar, ita ta gaya mata sauran. Da la'asar ɗin nan ta gan shi zaune a inuwar rumbu, kwamfutar a kan cinyarsa, yana yi mata magana yana kiran sunan Rakiya. Amsa yake naɗa. Ba a jima ba aka fara jin harbi.

“Memorin yana jikin kwamfutar, an ciro,” ta ce. “Muryata ce kaɗai a ciki. Na zauna ina sauraren kaina ina tambayar Malam ko yana cin abinci.” Ta dafa kan yarinyar ba tare da ta ambaci sunanta ba, 'yar fari ce. “Wayarshi 'yan bindigar sun tahi da ita. Tawa ƙarama ce, ba ta aje komi. Wannan bayan shi aka haihe ta, ba ta taɓa jin muryarshi ba. Ni ma ta fara ɓace mani, Malam Bala. In na rufe ido ina ganin bakinshi yana motsi, amma ba ni jin komi.”

Alhaji Garba ya ce, “Na ce mata ta yi haƙuri. An duba, babu.”

“Ba a duba ba, Yaya,” ta ce, a hankali. “In Malam ya kunna ta, baƙin allo take fara nunawa, da rubutu fari. Ya danna na sama. Ni na sha gani. Yanzu ba ta nunawa, wucewa take yi. Kuma ya taɓa ce mani mutumin Safana ne ya yi mashi.”

Na janye hannuna daga kan buhun. Ba don allon da ya ɓace ba, wannan ciwo ne da nake gani kullum. Abin da ya faɗo mini shi ne dogon barcin da na saita da hannuna. In har yana cikin naɗa ya rufe marfin, kuma tun daga ranar ba wanda ya shiga wancan ɗakin, to la'asar ɗin nan tana kwance a lungun faifan, ba ta ƙare ba.

Na fara kwantar wa Alhaji Garba da hankali. Cikin kowace laftof akwai ɗan ƙaramin batiri mai kama da maɓallin riga. Shi ke riƙe da agogo, shi ke tuna wa na'urar ta wace ƙofa za ta fara shiga. Zaman rumbu ya cinye shi. Da ya mutu, sai ta manta duk abin da aka koya mata, ta koma yadda ta fito daga kamfani. Agogo ya koma baya, ta daina bi ta zaure, ta riƙa faɗawa ɗakin Windows kai tsaye. Na ce masa ba aljani ba ne, kuma marigayi bai tafi da komai ba. Ya ce to, amma na lura bai matso kusa da buhun ba.

Nan ne nake so ku buɗe kunne. Maido da allon zaɓi abu ne da kowannenku zai iya kafin shayi ya huce. Ka tayar da kwamfutar daga filashi, ka sake rubuta allon, ka ba mai kaya. Da na yi haka a ranar, da na kashe Malam Nasiru karo na biyu. Tsarin da ke cikin filashi yana tashi yakan nemi wannan lungu na barci ya mai da shi wurin aikinsa, ya share alamar da ke nuna akwai abu kwance a ciki. Ga kuma wata sakata ta tsaro a cikin bayos, wato saitin da ke can ƙasa da Windows da Linux duka. Ni na zare ta tun ranar da na raba faifan, amma mutuwar ƙaramin batirin ta mai da ita. In Linux ta tashi da sakatar a kulle, ba za ta waiwayi barcin ba, sabon tashi za ta yi. Kuma sautin da ba a adana ba yana zaune ne a wurin wucin gadi da ake sharewa a duk sabon tashi. Allon zaɓi zai dawo tsaf, mai kaya ya yi godiya, murya kuwa ta tafi ba wanda ya sani.

Za ku ce me ya hana in kwafe faifan dukansa tukuna. Na yi niyya. Amma da na ciro shi na ba shi wuta na ɗan lokaci, na kara a kunne, sai na ji yana ƙas, ƙas, ƙas a ciki. Faifan da ke irin wannan kuka kwanansa ya ƙare. In na sa shi karanta kansa daga farko har ƙarshe, zai iya macewa a rabin hanya. Abin da ya rage masa na ƙarfi, gara a kashe shi a kan tashi ɗaya mai kyau.

Na kwance bayanta gaba ɗaya. Ƙaiƙayi ya zubo a kan teburina, da matattun ƙwarin hatsi, da wani farin gari mai laushi. Na bi fanka da buroshi har ta yarda ta juya. Na canza ƙaramin batirin. Babban batirin kuwa ya kumbura, ba ya riƙe ko numfashi ɗaya, na cire shi na ajiye gefe. Ke nan ranta yana jikin igiyar caja, in igiya ta motsa ta tafi. Cajar da suka zo da ita ta aro ce, bakinta yana lilo a ramin. Na gwada duk waɗanda nake da su, ba wadda ta fi ta zama. Na naɗe bakin da salatif, duk da haka ban yarda da shi ba.

Kafin in maida faifan, na kunna ta babu shi, na shiga bayos na zare sakatar, na maido da sauran saitin yadda na saba yi wa kowace kwamfuta mai tsari biyu. Ina cikin haka hadarin ya rufe rana. Shagon ya yi duhu kamar magariba, alhali ko azahar ba a kira ba. Solata ta daina ja, sai abin da ke cikin batirin inbata. Na kashe fanka, na kashe fitila, na zare duk wayoyin mutane da ke caji.

“Alhaji,” na ce, “zo ka riƙe mani bakin cajar nan. Ka danna shi ciki da yatsa. Ko mi ka gani, ko mi ka ji, kada ka saki.”

Ya dube ni, ya dubi kwamfutar. Sannan ya tattare babbar rigarsa, ya yi bisimilla, ya durƙusa a gefen tebur ya riƙe.

Na maida faifan na kunna, na tare ta kafin ta faɗa Windows. A jerin ƙofofin da ta sani, sunan Linux ya ɓace gaba ɗaya. Amma irin wannan na'ura tana da wurin da za ka nuna mata hanya da hannu. Na bi cikin manyan fayil ɗin faifan ɗaya bayan ɗaya, yana ƙas, ƙas, har na iske ɗan ƙaramin fayil ɗin da ke zana allon zaɓi, yana nan inda na ajiye shi shekarun baya. Na danna.

Baƙin allo ya fito, da layukansa na farin rubutu.

“Shi ne,” in ji Rakiya daga bayana. Ban san lokacin da ta taso ba.

Na zaɓi na sama. Allon ya yi baƙi ƙirin, ya zauna a haka. Ruwa ya fara sauka a kan kwanon shago. Fankar kwamfutar ta ɗauka, ta fara huro iska mai ɗumi a hannun Alhaji Garba, kuma iskar nan warin tsohon gero take yi, warin cikin rumbu. Na ga ya runtse ido. Faifan ya yi ƙas, ya yi shiru, ya sake yin ƙas. Na daɗe a sana'ar nan, amma ban taɓa jin tsoron kwamfuta ba sai ranar. Ina ta salati a zuci.

Sai haske ya kawo. Malam Nasiru bai taɓa sa mata lambar sirri ba, tunda ta kowa ce, don haka kai tsaye ta buɗe. Manhajar naɗar sauti ce a gaba, da zanen murya shuɗi ya miƙe daga hagu zuwa dama. A ƙasa wani jan ɗigo yana ƙyaftawa. Na zuba masa ido, ban gane ba da farko. Sannan na ga layin yana tafiya. Ba ta san an yi komai ba. A wurinta yanzu aka rufe marfi aka buɗe, don haka ta ci gaba da aikin da aka sa ta. Naɗa take yi, mu take naɗa.

Ba wanda ya motsa. Aka yi tsawa can nesa. Yarinyar ta tsorata, ta ɗaga hannuwa sama ta ce, “Ɗauke ni.” Ba wanda ya ɗauke ta, duk idonmu yana kan allo. Na ga maganarta ta zama ɗan tudu shuɗi a ƙarshen layin. Sai a lokacin hankalina ya dawo, na danna tsayawa.

Ban saurari komai ba sai da na adana. Na sa a filashina, na sa a memorin Rakiya, na sake sawa a wani memorin sabo. Kowanne sai da na duba girmansa na tabbatar ya shiga. Na leƙa sauran ɗakin a gurguje ko akwai wani sautin nasa, babu, sai darussa da tambayoyin jarrabawa da hotunan bikin mutane. Na ce wa Rakiya ga shi an samu, in tana so ta je gida ta ji ita kaɗai.

“A'a,” ta ce. “Kunna nan. Yaya ma ya ji.”

Abin da ya fara fitowa ba muryarsa ba ce, ƙauyen ne. Ana daka a wani gida, taɓarya biyu suna karɓa wa juna. Zakara ya yi cara. Akuya tana kuka, yara suna gardama a kan wani abu can nesa. Garin da yanzu ba kowa a cikinsa sai ciyawa, ga shi yana hidimarsa a cikin shagona. Sannan aka yi gyaran murya kusa.

“Salamu alaikum. Rakiya, ni ne. Saƙonki ya iso, na ji, na sake ji. Kin ce ko ina cin abinci. Ina ci mana, Gwaggo ba ta bari na da yunwa, sai dai miyarta ba gishiri, kada ki gaya mata.”

Rakiya ta toshe bakinta da hijabi. Ya ci gaba, a hankali, yadda yake magana a nan kan bencin nan. Gero ya yi kyau bana. Ta riƙa shan maganin da aka ba ta a asibiti, ta daina ɗaukar ruwa. Ya gaida Baba da Inna. In an sauka lafiya a aiko direba ko da wane lokaci ne. Ana cikin haka wani ya yi sallama daga nesa, Malam Nasiru ya amsa, suka yi 'yar gaisuwa, mutumin ya wuce yana dariya.

“Tanko ne,” in ji Alhaji Garba. “Maƙwabcinmu. Tare munka binne su.”

Daga nan na fara jin wani abu a ƙarƙashin maganar, wani gunji siriri da ke ƙaruwa. Dakan ya tsaya, taɓarya ɗaya tukuna, sannan ɗayar. Yaran suka yi tsit. Shi ma ya yi shiru, ana jin numfashinsa.

“Rakiya, tsaya. Ina jin babura da yawa. Bari in duba, ina zuwa.”

Marfi ya yi ƙwas. Kuma ba ko tazarar numfashi a tsakani, sai ga ruwa yana dukan kwanon shagona, sai tsawa, sai ƙaramar murya ta ce, “Ɗauke ni.”

Sautin ya ƙare. Na rasa inda zan sa idona, sai na koma ga abin da na iya. Na ce mata ƙarshen nan ba nasa ba ne, hayaniyar shago ce ta shiga, zan iya yanke shi tsaf in bar mata muryarsa kaɗai.

Ta girgiza kai. Hawaye yana zuba, amma maganarta ba ta rawa. “Kada ka taɓa shi, Malam Bala. Nan kaɗai sunka haɗu.”

Ita kuwa Walida, da ta ji muryarta ta fito daga cikin kwamfuta, sai ta matso bakin tebur tana leƙen bayan allon, tana neman mai maganar. Ba ta ga kowa ba. Ta juya ga wanda ya fi kusa da ita, ta ɗaga hannuwa, ta sake cewa, “Ɗauke ni.” Alhaji Garba, wanda tun ɗazu yatsansa ke kan bakin caja har ya yi fari, ya saki, ya sunkuce ta ya rungume, kafaɗunsa suna girgiza. Allon ya mutu nan take.

Faifan bai sake tashi ba. Na gwada bayan sun tafi, na gwada washegari, ko ƙas ɗin ma ya daina. Na sa mata wani faifan, na ɗora mata tsari ɗaya, Alhaji Garba ya zo ya karɓa ya ajiye wa yarinyar. Memori kuwa yana wurin uwarta, an ce ta ɗinke shi cikin ɗan ƙyalle.

Wancan mai gyaran na kasuwar Batsari bai yi ƙarya ba, ya duba iya inda Windows ta nuna masa, bai ga komai ba. Da Rakiya ta yi shiru, da ya wanke ta da zuciya ɗaya, ya tafi sallar azahar. Shi ya sa har gobe, in aka ajiye mini kwamfuta a kan teburin nan, hannuna ba ya zuwa kan filashi sai na tambaya wa ya rufe ta ƙarshe, kuma me yake yi a lokacin.